Yaranmu na da ƙafa, takarda ce babu

Shugabanni sun ce makon nan namu ne, mun gode, Allah Ya bar zumunci. Maganar keke muka zo da ita, kuma mun san wani zai ce a ransa: mutanen Batsari da Safana, duk abin da ke damun ku, keke kuka ga ya dace ku yi magana a kai? A daure a karanta, sannan a yanke mana hukunci.

Mu 'yan tsiraru ne. Akwai masu gyaran keke, akwai malaman makaranta, akwai wasu dattawa da suka ƙarar da ƙuruciyarsu a kan Raleigh da Phoenix suna kai rogo kasuwar Batsari ranar Alhamis. Kusan wata biyu ke nan muna ja-in-ja a kan takarda mai shafi ɗaya tak, wato ƙa'idojin shiga tseren keke na kan duwatsu da muke son haɗa wa samarin ƙananan hukumomin nan biyu. Har yau ba mu sa mata hannu ba, domin duk layin da muka rubuta sai mu ga akwai yaron da zai rufe wa ƙofa, duk layin da muka goge kuma sai mu ga akwai yaron da zai iya jefawa cikin haɗari.

Wanda ba ya yankinmu ba zai san yadda keke ya dawo ba. Da babur ya yawaita an jingine shi a zaure ya zama abin hayar yara. Sai dokar tsaro ta 2021 ta zo, lokacin Gwamna Aminu Bello Masari, aka hana sayar da fetur a jarka, aka taƙaita goyo a babur, daga baya aka datse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da namu biyu. Sai kuma cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 ya ƙarasa abin da ya rage. Kowa ya kakkaɓe tsohon kekensa. A cikin wannan hali ne kekunan gwanjo masu giya da faffaɗar taya suka shigo hannun samari, su kuwa ba su tsaya kan titi ba. Suka riƙa hawa fako da kan fā, suna gangarowa ta tsakanin duwatsu, suna ratsa yashin rafi, suna tsere tsakaninsu ba alƙali ba hular kwano. Wanda ya ga yadda ɗan shekara 16 ke gangaro dutse da birkin baya kaɗai, gabansa zai faɗi, kuma zai san akwai baiwa a wurin. Dalilinmu na shiga maganar ke nan: tsere dai ana yin sa, ko mun yarda ko ba mu yarda ba.

Da aka fara ambaton lasisi a zamanmu, dattawan cikinmu dariya suka yi. Su abin da suka sani shi ne lasisin keke na zamanin En'e, wanda ake biya duk shekara a ba ka 'yar lamba ka maƙala, in ɗan doka ya tare ka babu ita ka shiga uku. Wannan iko bai ma mutu ba a takarda: Jadawali na Huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya lissafa ba da lasisin kekuna da amalanke da baro da kwalekwale cikin ayyukan ƙaramar hukuma. To amma wancan haraji ne a kan ƙarfe. Lasisin da ake magana a harkar tsere na mutum ne, wanda ke kan sirdi.

Ga yadda abin yake a duniya. Akwai hukumar tseren keke ta duniya, UCI, wadda aka kafa a Paris a 1900, hedikwatarta yanzu tana garin Aigle a ƙasar Suwizalan. Ita ke rubuta dokoki, amma ba ita ke miƙa wa mutum lasisi hannu da hannu ba. Hukumar keke ta ƙasar da mutum yake zaune ita ke bayarwa, a wurinmu ke nan hukumar tseren keke ta Najeriya. Lasisin na shekara ɗaya ne, daga 1 ga Janairu zuwa 31 ga Disamba, ko da a Nuwamba ka karɓa. Yana ɗauke da sunanka, da ranar haihuwarka, da ƙasarka, da rukunin da kake ciki, da wata lamba mai alƙaluma 11 da za ta bi ka har ka daina hawa keke, tsawonta ɗaya da lambar NIN ɗinmu. Wanda ya nemi lasisi ya amince ke nan da a yi masa gwajin ƙwayoyin ƙara kuzari duk lokacin da aka buƙata, kuma doka ta ce kafin a ba shi a tabbatar yana da inshorar haɗari, da ta ɓarnar da zai iya jawo wa wani. Tseren kan duwatsu yana cikin ƙananan 'ya'ya a gidan: gasar duniya ta farko a ƙarƙashin UCI an yi ta a Durango ta Amurka a 1990, ya shiga wasannin Olamfik a Atlanta a 1996.

Amfanin lambar nan ya wuce buɗe ƙofa. Duk makin da mutum ya samu a tseren da hukuma ta sani a ƙarƙashinta ake tara shi, kuma da wannan maki ake jera mutane a layin tashi. Mai maki da yawa a sahun gaba, marar maki a can baya. A titi mai faɗi ana iya cim ma na gaba, amma a hanyar dutse da keke ɗaya kawai take ci, wanda ya tashi a sahu na goma ya riga ya ci rabin baya tun kafin a busa usur. Ma'ana yaron da ya shekara biyar yana lashe tsere a bayan gari ba tare da lamba ba, ranar da ya je babban fage daidai yake da wanda ya koyi keke jiya.

Inda muka fi daɗewa shi ne shekaru. A dokar UCI ba a duba wata ko rana. Ana cire shekarar haihuwa daga shekarar da ake tseren, abin da ya rage shi ne shekarunka. Masu 17 da 18 rukuninsu daban, masu 19 zuwa 22 daban, daga 23 zuwa sama manya. 'Yan 16 zuwa ƙasa an bar wa kowace ƙasa ta tsara nata. Lissafi ne mai sauƙi ga wanda aka rubuta ranar da ya zo duniya.

A cikin yaran da muke sa wa ido akwai wani da kowa ya yarda babu kamarsa a hawan tudu. Iyayensa sun taso daga wani ƙauye na bakin Dajin Rugu shekarun baya, da abin da hannu ya iya ɗauka, suka raɓa a gidan dangi cikin gari. A gida aka haife shi, ba a asibiti ba. Makarantar bokon da ya fara an rufe ta kafin ya yi nisa. Mahaifiyarsa ta ce ta haife shi da damina a shekarar da Malam Umaru Musa 'Yar'aduwa ya bar gidan gwamnatin Katsina ya tafi Abuja, wato 2007. Kawunsa ya rantse da damina ta gaba ce, domin a shekarar ya yi aure kuma da goyon yaron aka zo biki. Ku duba abin da shekara ɗaya ke yi: a 2026, haihuwar 2008 na nufin 18, zai kara da tsararrakinsa, haihuwar 2007 na nufin 19, zai shiga cikin masu 21 da 22 da ƙashinsu ya riga ya yi ƙwari. Babu wanda ke ƙarya tsakanin uwar da kawun. Haka muke ƙirga shekaru tun kaka da kakanni, da damina da biki da rasuwar manya, kuma bai taɓa hana mu noma ko aure ba. Kuma ba shi kaɗai ba ne. Da muka zagaya muka tambayi samarin da suka nuna sha'awa, masu takardar haihuwa a hannu ba su kai waɗanda ba su da ita ba.

Nan muka rabu gida biyu. Wasu suka ce a watsar da zancen takarda gaba ɗaya, wasan gida ne, a jera yara bisa tsawo da girman jiki kamar yadda ake haɗa 'yan dambe, ido ma mudu ne. Wasu suka ce a'a, a bi littafi daga farko har ƙarshe, wanda ba shi da takarda ya zauna ya yi kallo, in ba haka ba ba za a taɓa ɗaukar mu da muhimmanci ba. Akwai kuma shawara ta uku da aka faɗa da murya ƙasa-ƙasa, wadda kowa a wannan zaure ya san irinta: a je a yi wa yaron takarda a rubuta 2009 ma, ya samu shekara biyu yana cin ƙanana.

Wannan ta ukun mun kashe ta a wurin, kuma muna so a ji dalili. Ƙasar nan ta riga ta sha wannan ruwa a ƙwallon ƙafa. A 1989 FIFA ta dakatar da Najeriya shekara biyu daga gasannin matasa saboda saɓanin ranakun haihuwar wasu 'yan wasa, ta kuma ƙwace baƙuncin gasar matasa ta duniya ta 1991. Daga 2009 har hoton ƙashin wuyan hannu ake ɗauka a gasar 'yan ƙasa da 17. Ko ba don tsoron kamu ba, yaron da aka rage wa shekaru ana cutar mutum biyu ne: ƙaramin da ya kayar ba bisa haƙƙi ba, da shi kansa, domin zai saba da nasara mai arha, ranar da ya haɗu da sa'o'insa na gaskiya ya rasa inda zai sa kansa. Ramin ƙarya ƙurarre ne, balle lambar da za ta bi mutum har tsufa.

Tsakanin biyun farko kuwa, ra'ayin da ya fi rinjaye a cikinmu, kuma shi ne namu masu wannan rubutu, shi ne ƙa'idojin nan ba jinsi ɗaya ba ne, bai kamata a auna su da mudu ɗaya ba. Akwai waɗanda aka yi don kada a ɗauko ɗan mutane a makara. Waɗannan babu ragi, babu sanayya, ko ɗan wanene. Hular kwano a ɗaure a haɓa, a tsere da lokacin gwajin hanya. Birkin gaba da na baya duka suna ci, mai gyara ya duba ya sa alama. Bakin ƙarfen hannu a toshe, domin buɗaɗɗen bututu in aka faɗa kansa yana huda ciki kamar wuƙa. Yardar uba ko waliyyi ga duk wanda bai kai 18 ba, a gaban shaida, da sa hannu ko dangwale. Ma'aikacin lafiya da mota a tsaye kafin a tashi. Wani daga cikinmu ya ce hular kwano ta fi kekunan wasu yaran tsada, kuma gaskiya ya faɗa. Amsarmu ita ce a tara huluna a riƙa ba da aro rukuni bayan rukuni, a rage yawan masu tashi lokaci guda. Wanda zai je ya gaya wa uwa cewa kan ɗanta ya bugi dutse, shi ya san nauyin wannan layi.

Akwai kuma ƙa'idojin da aka yi don a san wane ne wane. Waɗannan ba za mu jefar ba, ba za mu kuma mayar da su katanga ba. Aikinmu ne mu kama hannun yaro mu kai shi inda ake yin takarda. Dokar rajistar haihuwa ta 1992 ta ɗora wannan aiki a kan Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, wanda ya girma ba a yi masa ba kuma akwai hanyar rantsuwar shekaru a kotu sannan hukumar ta ba shi shaida. Abin da muka ƙara na kanmu shi ne kafin a je a rantse, a zauna da uwa da dangi da mai unguwar ƙauyen da aka baro, a tsayar da shekara ɗaya bisa iyakar gaskiyar da aka iya tunawa, ba bisa wadda ta fi riba a tsere ba. In aka tsayar, shi ke nan har abada, ita za ta hau NIN, ita za ta hau komai. Wani malami a cikinmu ya ce ko tseren bai yiwu ba, in yara 30 suka samu takardar haihuwa ta dalilinsa, wahalarmu ba ta faɗi ƙasa banza ba. Ba mu so ya faɗi haka da wuri ba, amma ba mu musa masa ba.

Mun kuma yarda kada mu yaudari kowa da sunan lasisi. Katin da za mu buga katin shiga ne na rana ɗaya, ba ya kai mutum ko Katsina. A Ingila da Amurka akwai lasisin yini guda da hukumomin keke ke sayar wa sabon shiga a ƙananan tsere, ya ɗanɗana kafin ya yanke shawarar karɓar na shekara. Irin wannan tsani muke fata, amma hukuma ce kaɗai ke iya kafa shi, ba mu ba. Akwai ma dokar UCI da ta hana mai lasisi shiga tseren da hukumarsa ba ta amince da shi ba, sai in an yi masa togiya. Ke nan ranar da ɗaya daga cikin yaranmu ya samu lasisin gaske, tserenmu na gida zai iya zame masa matsala in ba mu yi rajistarsa ba. Shi ya sa wasiƙar da za mu kai wa masu kula da wasanni na jiha tana cikin abin da za a fara, ba abin da za a yi daga baya ba. Maƙwabtanmu na Nijar sun nuna ana iyawa: kokawa wasan gargajiya ce ta fagen ƙauye, amma tun 1975 suke gasar Takobi ta ƙasa, yau jihohi 8 kowace na kawo 'yan kokawa 10 da sunayensu a rubuce, kuma kiɗa da kirari ba su ragu ba.

Ba duk dokokin duniya ne ke gāba da talaka ba, wannan ma a faɗa. A tseren zagaye irin na Olamfik ba a canja keke. Da gangar kekenka ka tashi, da ita za ka ƙare. Taimakon makanike sai a wurin da aka keɓe. In sarƙa ta tsinke ko taya ta sace a tsakiyar hanya, ko ka gyara da hannunka ko ka tura zuwa wurin. Yaran da suka tashi suna faci da kansu, suna ɗaure feda da waya, wannan doka kamar don su aka rubuta ta. Akwai wadda ba za mu ɗauka ba: ta cire duk wanda na gaba ya ba shi tazarar kashi 80 cikin 100 na lokacin zagayen farko, misali in zagayen ya ci minti 15, wanda aka bari da minti 12 a fitar da shi. Wannan an yi ta ne don manyan fage masu cunkoso. A wurinmu wanda ya taso daga Runka ko Ruma ko Wagini da kekensa, a bar shi ya ƙarasa ko da rana ta yi tsaka.

Zancen tsadar kaya kuwa ba namu ne mu kaɗai ba. Ese Ukpeseraye, mace ta farko, kuma mutum na farko, da ta wakilci Najeriya a tseren keke na Olamfik, a Paris a 2024 sai da tawagar Jamus ta ara mata keken da ta yi tseren cikin fili da shi. Adrien Niyonshuti na Ruwanda, wanda ya rasa 'yan uwansa maza shida a kisan ƙare dangi na 1994, ya hau keken duwatsu a Olamfik ta Landan a 2012, shi ya riƙe tutar ƙasarsa. Muna ba yaran labarinsa saboda sun san abin da ake nufi da gudu daga gida. Da aka ambaci Ese wata malama ta tambaye mu ina layin 'yan mata a takardarmu. Babu. Mun ce ta zo zama na gaba ta faɗa da bakinta, domin wannan magana ce da sai da iyaye mata a wurin.

Saura izini mafi nauyi, wanda ba ya cikin littafin UCI. Duwatsun da suka fi dacewa da wannan wasa suna yamma, wajen daji, kuma kowa ya san a hannun wa suke tsawon shekarun nan. An kafa rundunar tsaron al'umma ta jiha a 2023, an yi zaman sulhu a 2025, an ɗan samu sararin noma a wasu wurare, Allah Ya ɗorar. Amma sulhun da manomi zai lallaɓa gonarsa daban, wanda za a tara 'ya'yan mutane 50 da 'yan kallo a sanar da rana da wuri daban. Wani mai zafin jini a cikinmu ya so a yi dogon zango daga Batsari har Safana ta hanyoyin ƙauye, irin tseren da a duniya ke farawa daga kilomita 60. Mun ce a'a. Ba za mu aika wa kowa a daji neman alfarmar wucewa ba, kuma ba za mu tura yaro inda idonmu ba ya kaiwa ba. A nan ma dokar duniya ta yi mana rana: tseren zagaye ba ya buƙatar fili mai yawa, zagaye ɗaya ba ya wuce kilomita 6, ana maimaita shi har kimanin awa ɗaya da rabi ga manya. Kilomita 4 a gefen gari, mai tudu da gangare da ɗan yashi, inda mai tsaye a kan fā zai hango kusan duk hanyar, ya ishe mu. Sai an samu yardar hakimi da ta jami'an tsaro da ta masu gonakin da za a ratsa, kuma bayan an kawar da amfanin gona. Ko ranar ta zo, in aka wayi gari da labarin da bai kwanta mana ba, an fasa, kuma mun rubuta wannan a takardar don kada wani ya ce an ci kuɗin shigarsa.

Game da yaron nan mai hawan tudu, an zauna da uwar da kawun da wani dattijon ƙauyensu a makon jiya. Dattijon ya tuna cewa ranar sunan yaron ana ta hirar rantsar da sabon shugaban ƙasa ɗan Katsina a rediyo, ya goyi bayan uwar. An tsayar da 2007. Zai shiga rukunin 19 zuwa 22, shi ne ƙarami a cikinsu. Da aka gaya masa bai ce komai ba, sai ya tambaya ko hular aron za ta shiga kansa.

Wanda ke da hular kwano da ba ya amfani da ita, ko ta keke ce ko ƙarama ta babur, ya yi wa shugabannin zaure magana, za su haɗa mu. Muna neman 15, muna da 4.